Reshe a Wagadugu ko kuɗin gwaji? Muhawarar 'yan kasuwar Zango

Alhaji Bashiru, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta hana ni barci kwana biyu, na ga gara in kawo ta gabanku. Kun san shekara tara ke nan muna sarrafa gero muna ɗura garin koko a leda a nan Aboabo cikin Kumasi. Bana Allah ya sa an ɗan samu rara. Ƙanena Awudu yana so mu buɗe reshe a Wagadugu, saboda direbobin da ke bin hanyar Paga, garin iyakar Gana da Burkina, suna saye suna kaiwa can, kuma ana nema. Ɗana da ke karatun kasuwanci a jami'ar KNUST kuma ya kafe a kan a'a. Ya ce a kai kuɗin ɗakin gwaji a gano abin da ke sa garin ya dunƙule ya yi ɗaci idan ya kai wata uku, sannan a canja leda. Wai manyan kamfanonin duniya da bincike suke cin kasuwa, ba da yawan rassa ba. Kuɗin ba za su ɗauki duka biyun ba. Masu sani, gaskiya ne abin da yaron nan ya faɗa?

Malam Nuhu mai gyaran waya, Adum:
Wa alaikumus salam Alhaji. Yaronka yana da gaskiya, kuma shaidata tana kan teburina kullum. Cikin wayoyi goma da ake kawo mini, mafi yawa Tecno ne ko Itel ko Infinix, kuma duka ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion na ƙasar Sin, wanda aka kafa a 2006. Me ya ba su kasuwarmu? Sun zauna sun duba yadda muke rayuwa. A lokacin kowa na yawo da waya biyu a aljihu, ɗaya MTN ɗaya Tigo, domin kiran wani layi daban yana cin kuɗi, sai suka zo da mai sim biyu. Aka shiga dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, suka zo da batir mai kwana. Sannan kyamara: a da idan ka ɗauki baƙin mutum da magariba sai dai ka ga idanu da haƙora, su kuwa suka tara hotunan mutanenmu suka gyara ta yadda fuska za ta fito. Har Hausa suka sa a cikin wayar. Wannan duk aikin bincike ne.

Hajiya Rabi, Asawase:
Malam Nuhu, to Nokia fa? Ko ka manta da ita? A wajen 2007 kusan waya huɗu cikin kowace goma da ake sayarwa a duniya tata ce. Kuɗin da take zubawa a bincike ya fi na Apple nesa ba kusa ba a shekarun nan. Ina ta ƙare? A 2013 ta sanar da sayar wa Microsoft ɓangaren wayarta a kan Yuro biliyan 5.44. Kodak ma injiniyanta ne ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975, amma a 2012 ta shiga kotu tana neman kariya daga masu binta bashi. Ni dai abin da na sani a kasuwa shi ne, kaya ba ya sayar da kansa yana ɗaki. Alhaji ya bi inda ake neman kayansa.

Malam Nuhu mai gyaran waya, Adum:
Hajiya, ai Nokia ba rashin bincike ya kashe ta ba, ta yi ta haƙa ne a inda babu ruwa. Ta riƙe manhajarta ta Symbian har Android ya wuce ta.

Hajiya Rabi, Asawase:
To ka ga ka dawo maganata. Kashe kuɗin kaɗai ba ya ba ka komai.

Malama Sa'adatu, Oforikrom:
Salamu alaikum iyayena. Wannan fannin shi nake koyarwa, bari in ɗan sa baki, a yi mini haƙuri idan na tsawaita.

Tambayar da Alhaji ya yi, masana sun daɗe suna yin ta a kan manyan kamfanoni, kuma abin da suka fi samu shi ne abubuwan biyu a ɗaure suke da juna. Kuɗin bincike kamar kuɗin gina rijiya ne. Ko gida ɗaya ne zai sha, ko unguwa guda, abin da ka biya maginin ɗaya ne. Kamfanin da ya kashe miliyoyi ya gano wani magani ko wata manhaja, idan a ƙasa ɗaya yake sayarwa, kuɗin nan sun yi masa nauyi. Idan a ƙasa hamsin ne, kowace ta ɗauki ɗan kaɗan, sauran duk riba. Shi ya sa kamfanonin magani da na waya ba sa iya zama a gida.

Ta ɗaya gefen kuma, wanda ya tsallaka iyaka hannu rabbana, ba shi da wani abin da 'yan gari ba su da shi, wahala ya je saye. Baƙo ne, bai san harshe ba, bai san wa ake ba bashi wa ake hanawa ba, bai san dokar haraji ba. Dole ya zo da abin da zai rufe masa wannan giɓin. A 1991 Randall Morck da Bernard Yeung sun duba kamfanonin Amurka, suka ga yawan rassa a ƙasashen waje shi kaɗai ba ya ƙara wa kamfani daraja a idon masu zuba jari. Inda darajar ke ƙaruwa shi ne idan kamfanin yana kashe kuɗi a bincike ko a tallan sunansa, sannan ya bazu.

Akwai kuma aikin Jane Lu da Paul Beamish na 2004, a kan kamfanonin Japan 1,489 daga 1986 zuwa 1997. Abin da suka gani ya shafi Alhaji kai tsaye. Da farkon fita waje riba raguwa take yi, saboda kuɗin koyo da na kafa wuri. Idan aka jure aka ƙara bazuwa sai ta fara hawa. Idan kuma aka zarce, rassa suka yi yawan da shugabanni ba sa iya sa musu ido, sai ta sake gangarowa. Kamfanonin da suka fi zuba kuɗi a fasaha da talla su ne suka fi cin moriyar bazuwar.

Saboda haka, Alhaji, reshen Wagadugu zai ci kuɗi kafin ya kawo. Gwajin ma zai ci kafin ya kawo. Tambayar ita ce wanne ne aljihunka zai iya jira.

Alhaji Bashiru, Aboabo:
Allah ya ƙara basira Malama. Maganar rijiyar nan ta shige ni.

Awudu, Aboabo:
Yaya, tunda an kawo maganar nan bari ni ma in faɗi tawa, kada a ji gefe ɗaya. Ni ban ƙi gwaji ba. Amma kasuwa ba ta jiran kowa. Lokacin da MTN ta shiga Najeriya a 2001 ta biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi, mutane da yawa sun ce ganganci ne. Yau Najeriya ce ƙasar da ta fi yawan masu layinta. Nan Gana ma ba wani ƙirƙira ta yi ta shigo ba, kamfanin Investcom ta saya a 2006 ta gaji layinsa na Areeba. Wanda ya riga zuwa shi ke kama wuri. Yanzu haka akwai wasu da suka fara ɗura garin koko a Tamale, kuma sun fi mu kusa da iyaka. In muka tsaya shekara guda muna gwaji, za mu je mu tarar an shimfiɗa tabarma a wurinmu.

Sannan abin da ba wanda ya ambata: sefa. Sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 a kan kowane ɗaya, ba ta motsi. Kun tuna 2022? Gero da leda da man inji duk suka tashi, kuɗin da ke hannunmu suka zama takarda. Da muna da ko kashi ɗaya cikin huɗu na cinikinmu da sefa, da ba mu sha abin da muka sha ba.

Malama Sa'adatu, Oforikrom:
Kawu Awudu, maganar sefa hujja ce mai ƙarfi, kuma tana cikin manyan dalilan da kamfanoni ke bazuwa, kada ƙwai duka su zauna a ƙasa ɗaya. Sai dai tana yanka ta baki biyu. A 2025 da sidi, kuɗinmu na Gana, ta farfaɗo, mai riƙe da sefa shi ya ga kuɗinsa sun ragu idan ya canja. MTN ɗin ma ka tuna a 2015 hukumar sadarwar Najeriya ta ci ta tarar dala biliyan 5.2 a kan layukan da ba a yi wa rajista ba, daga baya aka rage zuwa Naira biliyan 330. Shugaban kamfanin gaba ɗaya sai da ya sauka. Reshe ɗaya ya girgiza uwar.

Abdul-Mumin, Nima:
Gaisuwa daga Akara. Ni na yi shekara shida ina aiki da wani kamfanin waje mai sayar da fenti da kayan gini, har ya rufe ya bar mu. Ba zan kama suna ba. Kayansu masu kyau ne ƙwarai, ba wanda zai kushe, can gidansu suna da ɗakin bincike mai ɗaruruwan ma'aikata. Abin da ya kashe reshenmu shi ne nisa tsakanin mai gani da mai yanke hukunci.

A 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 a farkon shekara zuwa sama da 14 a Nuwamba. Ni ne mai rubuta takardar neman ƙarin farashi. In aika ranar Litinin, ta bi ta ofishin yanki, ta wuce hedikwata, amsa ta dawo bayan sati uku. Kafin nan farashin da aka amince da shi ya riga ya zama asara. Na tuna wata Juma'a da wani ɗan kwangila ya zo da mota biyu ya kwashe mana bokiti ɗari uku a tsohon farashi. Ina tsaye ina lissafi a raina, na san kuɗin da ya biya ba za su sayo ko ɗari biyu ba, amma ba ni da ikon hana shi. Maƙwabcinmu mai ƙaramin shago kuwa da alli yake canja farashi safe da yamma. Shi yana nan har yau.

Mun kuma yi ta roƙonsu su yi ƙananan gwangwani, domin mutanenmu ɗaki ɗaya suke shafawa idan salla ta zo, ba gida guda ba. Suka ce ba ya cikin tsari. Alhaji, in za ka buɗe reshe, tambayi kanka wa zai zauna a can, kuma za ka sakar masa mara ya yanke hukunci ko sai ya kira Aboabo.

Hajiya Rabi, Asawase:
Allah ya musanya maka da mafi alheri ɗana. Maganar ƙananan gwangwanin nan ita ce sirrin Cowbell. Promasidor, mai yin madarar Cowbell, ta fara a 1979 a Zayar, Kwango ta yanzu. Suka cire kitsen madara suka sa na tsirrai don ta jure zafi ba firji, suka zuba a 'yar leda da mai shayi zai iya saye da canjin hannunsa. A shagona katan ɗin ƙananan ledar ya kan ƙare sau uku kafin babban gwangwani ɗaya ya motsa. Wannan wane irin tsada ne binciken ya yi? Shi ya sa nake cewa kada a tsorata Alhaji da biliyoyi.

Malama Sa'adatu, Oforikrom:
Gaskiya ne Hajiya, kowace sana'a da mudunta. Huawei ta kashe Yuwan biliyan 161.5 a bincike a 2022, kusan kashi 25 cikin ɗari na cinikinta, domin Amurka ta rufe mata ƙofar fasaha tun 2019, dole ta nemo tata. Nestlé kuwa ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba, kuma ba wanda zai ce tana barci. Mai abinci ba ya gwada kansa da mai waya.

Baba Ɗanjuma mai goro, Zangon Kumasi:
Jikana ne ke rubuta mini. Na ji ana ta kiran Amurka da Japan, na ce bari in tuna muku abin da ya kawo kakanninmu ƙasar nan.

Fataken da ke ɗaukar goro daga Salaga zuwa Kano wata da watanni suke yi a hanya. Goro kuwa abu ne mai rai, ba ya son zafi, ba ya son iska, ba ya son ruwa ya yi masa yawa. Kafin mutum ya ɗaura wa jaki kaya sai ya san yadda ake shimfiɗa ganyen fita a huhu, ya san kwana nawa zai yi ya kwance ya yayyafa ruwa, ya san yadda ake gane wanda sankara ta kama a fitar da shi tun bai ɓata 'yan'uwansa ba. Mahaifina ya sa ni na yi shekara biyu ina tsintar goro kawai kafin ya bar ni na bi mota zuwa Legas. Wanda ya tashi bai iya wannan ba, ya isa da ruɓaɓɓen kaya, kuma sunansa ya ɓaci a kasuwar da bai ma zauna ba tukuna.

Na biyu, babu falken da ke sauka a gari ya kafa rumfa ranar da ya zo. Wurin maigida yake sauka. Maigida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi, domin shi ya san mutanen gari. Sai an yi shekaru ana zuwa kafin mutum ya ce zai gina nasa gidan.

Alhasan Ɗantata, wanda Ɗangote jikan ɗansa ne ta wajen uwa, a nan Gwalkwas ya fara kama ƙasa da goro. Abin da ya ɗaga shi a kan sauran shi ne ya lura jirgin ruwa zai kai goro Legas cikin kwanaki maimakon watannin ayari. Ya san kayan, ya san hanya, sannan ya faɗaɗa.

Bashiru, ka ce garinka yana ɗaci bayan wata uku. Daga Aboabo zuwa Wagadugu, da zaman iyaka, da zaman sito, da zaman shago, wata nawa zai rage wa mai saye?

Awudu, Aboabo:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma can iskar busasshiya ce, ba kamar damshin Kumasi ba. Ina ganin zai fi daɗewa.

Fusaini, Tafo:
Kawu Awudu, a nan zan ɗan saɓa maka, domin sarrafa abinci na karanta. Matsala biyu ce ba ɗaya ba. Dunƙulewa ta damshi ce, wannan kam Wagadugu za ta fi sauƙi. Amma ɗacin daga man da ke cikin geron ne. Gero ya fi yawancin hatsi mai, kuma da zarar an niƙa shi akwai wani sinadari a cikinsa da ke fara farfasa man nan, shi ke kawo ɗaci da wari. Zafi ƙara masa sauri yake yi, kuma kun san zafin Wagadugu a watan Afrilu. Maganinsa sananne ne: a ɗan ba geron zafi kafin niƙa don a kashe ƙarfin sinadarin, a busar da garin sosai, a sa a ledar da iska da haske ba sa ratsawa. Aikin da ke gaban Alhaji shi ne a gano zafi nawa da minti nawa ne zai yi ba tare da ɗanɗanon koko ya canja ba. Cibiyar binciken abinci ta CSIR da ke Akara na irin wannan aikin, sashen kimiyyar abinci na KNUST ma haka. Ba na jin zai cinye rarar gaba ɗaya.

Yusif, Suame Magazin:
Ku yi mini afuwa zan ɗan karkata. Ina karanta ku tun safe, wani abu na ci mini rai. Duk kamfanonin da ake yabo, ina suke yin binciken? Can gidansu. Nan kasuwa kawai muke. Volkswagen ta fara haɗa mota a Akara a 2020, Toyota a Tema a 2021, amma zane da inji duk daga waje, mu ɗaure ƙusa ne namu. A Magazin, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, akwai yaran da za su kalli injin niƙa sau ɗaya su ƙera maka irinsa, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce ga kuɗi ku inganta. Twitter ta buɗe ofis a Akara, a Nuwamban 2022 aka sallami kusan kowa cikin dare ɗaya. Reshen Afirka shi ake fara yankewa idan uwar ta ji jiki.

Malama Sa'adatu, Oforikrom:
Yusif, ciwon da ka taɓa na gaske ne. Akwai 'yan kaɗan da suka kawo binciken nan, kamar cibiyar Nestlé ta Abijan a 2009 da ta Google a Akara a 2019, amma ba su da yawa. Sai dai mu ma da namu laifin. Tarayyar Afirka ta ce kowace ƙasa ta ware kashi 1 cikin ɗari na arzikinta don bincike, Gana ba ta kai ba, alhali Koriya ta Kudu tana kusan kashi 5. Kuma idan aka yi, yana fita. Masarar Obatanpa a nan Fumesua aka fitar da ita a 1992, ta bazu ƙasashen Afirka da dama. Abin da ya rage mana shi ne kamfanin gida da zai ɗauki irin wannan ya tsallaka da shi da sunansa.

Abdul-Mumin, Nima:
Kuma kada a ɗauka girma na kare mutum. Walmart da kanta ta shiga Jamus a ƙarshen 1997, ta fita a 2006 da asarar kusan dala biliyan 1. Shoprite ta sayar da shagunanta na Najeriya a 2021, ta bar Kenya ma. Kawu Awudu, a kuma lura Burkina ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ga matsalar tsaro a wasu hanyoyin. A tambayi direbobi halin da takardu ke ciki a Paga kafin a sa hannu a hayar shago.

Alhaji Bashiru, Aboabo:
Jama'a na gode, Allah ya saka. Bayan la'asar na shiga sito na ɗauko leda uku, ta sati biyu, ta wata biyu, da wata da ta faɗa bayan buhu tun kafin azumi. Na sa uwargida ta dama kowace daban ba ta san wacce ce wacce ba, na kira Awudu muka sha. Ta ukun ko haɗiyewa bai iya yi ba. Ta biyun ma idan ka bar ta a harshe za ka ji abin a can ƙasa. Na ce masa irin wannan ce wata mata za ta saya a Wagadugu da sunanmu a jiki.

Abin da na tsayar: Fusaini, zan so ka raka yaron nan a ji nawa gwajin zai ci, da kuɗin sabuwar leda. Hayar shago a can kuma mu dakata. Amma ba zan saki kasuwar ba. Zan bi hanyar Baba, mu nemi maigida ɗaya a kasuwar Sankaryare ta Wagadugu da zai riƙa karɓar kaya kaɗan-kaɗan, sabon niƙa kawai, ya biya da sefa.

Awudu, Aboabo:
Na sha kokon Yaya, ba zan musa ba. Amma har yanzu ina tsoron 'yan Tamale. In ka yarda a sa wa gwajin wa'adi, wata huɗu. In ya wuce haka ba sakamako, mu koma maganar shago.

Fusaini, Tafo:
Kawu, wata huɗu ba zai isa a tabbatar gari na kai wata shida ba, sai dai a yi gwajin gaggawa a ɗaki mai zafi, shi ma kimantawa ce. Ka ba mu shida.

Baba Ɗanjuma mai goro, Zangon Kumasi:
Maganar maigida, akwai ɗan wani abokina da ke Sankaryare, uban mun yi harkar goro tare shekara talatin. Bashiru ka zo gida gobe bayan azahar, ka taho da leda biyu na sabon niƙa in ba direban da zai tashi jibi.